Kiɗa da Wasa a Injamena Cikin Hunturu

Mutanen Injamena sukan shiga hidimar ƙarshen shekara tun Nuwamba bai fita ba. Ranar 28 ga wata hutu ne na tunawa da kafa jamhuriyar Chadi a 1958. Ranar 1 ga Disamba wani hutun ne, na ranar da mulkin Hissène Habré ya faɗi a 1990. Daga nan sai Kirsimeti, sai sabuwar shekara. Zafin garin, wanda kan haura maki 40 a watan Afrilu, ya sauka ke nan. Da safe hazo yakan kwanta a kan kogin Shari har Kuseri, da ke tsallake a ƙasar Kamaru, ba ta ganuwa sosai, da dare kuwa sai da mayafi. A wannan tsakani masu aurar da 'ya'ya suke cusa bukukuwansu, makaɗa da 'yan wasa kuma su sami abin da zai riƙe su watanni.

Ni ma biki ne ya kai ni. Wani Alhaji, abokin cinikin gidanmu tun zamanin iyaye, shi ke aurar da 'yarsa. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina zai tafi Makka a ƙasa, ya yada zango a nan lokacin ana kiran garin Fort-Lamy, ya kama cinikin fata don ya tara guzuri, har Allah ya karɓi ransa bai wuce ba. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a kan tsohuwar hanyar alhazai, daga Injamena har Abeche. Jikokin suna jin Hausa, amma a tsakaninsu Larabcin Chadi ya fi zuwa musu baki. Abin da na san ƙasar da shi kafin in je bai wuce abin da kowane Bakano ya sani ba: turaren wuta, humra, lafaya, matan nan masu gyaran jikin amare, sai labarin yaƙi a rediyo. Kiɗa da wasan kwaikwayo ba sa cikin lissafina.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne garin yakan rabu biyu da dare. A unguwannin arewa, wajen Babbar Kasuwa da masallacin Sarki Faisal, ana idar da sallar isha'i sai shaguna su rufe, maza su baje tabarmi a ƙofar gida da butar shayi, mai tukuba yana yanka gasasshen naman raƙumi, hira ƙasa-ƙasa. Hau babur ɗin haya, wanda suke kira kilando, ka nufi kudu wajen Kabalaye, Moursal da Chagoua, sai ka tarar kamar yanzu gari ya waye. Kowace katanga akwai lasifika a bayanta, mata na soya kifi a bakin titi, samari da 'yan mata na kaiwa da komowa.

Nan take na ce a raina, ai wannan Birni da Sabon Gari ne. Da na ƙara dubawa sai ma'aunin ya ƙi zama. Mu a Kano mun saba ɗaukar mazaunin Sabon Gari baƙo ko da a nan aka haifi kakansa. A Injamena babu mai iya ce wa ɗan Moursal baƙo. Shugaban ƙasa na farko, François Tombalbaye, ɗan kudu ne daga ƙabilar Sara, shi ne ma a 1973 ya cire wa garin sunan Lamy, hafsan Faransan nan da ya mutu rana ɗaya da Rabe a yaƙin Kuseri na 1900. Rabuwar unguwanni ta yi tsanani ne daga Fabrairun 1979, da faɗa ya ɓarke a cikin gari tsakanin dakarun Habré da na Shugaba Félix Malloum, 'yan kudu suka kwashe iyalansu suka gudu. A 1980 aka sake gwabzawa har wata tara, wannan karon tsakanin Habré da Goukouni Oueddei, jama'a suka riƙa tsallake kogi a kwalekwale. Da ƙura ta lafa aka dawo, kowa ya nemi unguwar da danginsa suke. Wannan tarihi yana nan a cikin kiɗan da kowane ɓangare yake saurara.

Daren lallen amarya aka toshe layi da rumfuna. Ango Balaraben Shuwa ne, don haka danginsa suka kawo makaɗa irin na Sudan: mai fiyano, mai gogen Turawa, masu ganguna biyu, da mawaƙi cikin farar jallabiya da rawani. Matan suka fito cikin lafaya, suna rawa da kafaɗa da wuya, ƙafa ba ta ko barin ƙasa. Namiji in rawar wata ta burge shi sai ya taso ya ɗaga hannu sama da kanta yana ƙyasta yatsu, ya liƙa takardar sefa 500 ko 1,000, ya koma mazauninsa. Babu rububi, babu wanda ya taɓa wani.

Abin da ya tsayar da ni ba kayan kiɗan ba ne. Ana cikin waƙa sai gwaggon amarya, tsohuwa mai dogara sanda, ta miƙe ta shigo fili. Mawaƙin ya juya ya dubi mai fiyano, kiɗa ya sassauta ya daidaita da takun tsohuwar, shi kuma ya saka sunanta a waƙa, ya ja asalinta har Katsina. Aka ɗauki guɗa ta ko'ina. Waƙar da aka shirya za ta ƙare ta ƙi ƙarewa sai da tsohuwa ta gaji don kanta. Na nemi in tuna rabona da ganin haka a gida. A bukukuwanmu na yanzu mawaƙi yakan zo da waƙarsa a filashi, ya miƙa wa DJ, ya riƙe makirfo yana bin muryar da aka riga aka naɗa a situdiyo. In tsohuwa ta shigo fili, ita za ta bi na'ura. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗayansu a fili ya san suna kallon fuskokin mutane ne suna saƙa waƙa a tsaye.

Da makaɗan suka tafi hutu, wani yaro ya kunna waƙoƙin Kano. 'Yan matan dangin ango, waɗanda ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba, suka riƙa bin waƙar Hamisu Breaker kalma bayan kalma. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Waƙarmu ta ƙetare iyaka biyu ta shiga gidajen mutane. Sai dai muryar kaɗai ta zo, babu makaɗin da ya biyo ta.

Na yi wa Alhaji zancen da safe muna karyawa da kisra da miyar kuɓewa. Ya ce, "Malam, ni a bikin 'yata ba zan tara mutane in kunna musu faifai ba. Wanda suke da shi a wayarsu?" Ɗan ƙanensa, wani saurayi ɗan jami'a da aka haɗa ni da shi ya riƙa zagayawa da ni, ya sa baki. "Kawu, kada ka ɗauka kowa haka yake. 'Yan rap ɗinmu ma da faifai suke hawa dandamali. In kana son ganin masu kaɗawa da hannu sosai, sai mu je Moursal."

Na yi jim kafin in amsa, domin na san abin da ake sha a can. Giyar Gala da ta Chari ce a kan kowane teburi, a lunguna kuma burkutu, wanda suke kira bilbil. Saurayin ya ce abokinsa na makaranta ne ke kaɗa jita a wurin, kuma shi kansa lemo yake sha in ya je, babu mai tsangwamarsa. Muka je, muka zauna kusa da ƙofa. Wani fili ne mai katanga, ba rufi, an ɗaga dandamalin siminti a gefe guda. Jita uku, ganguna, masu busa biyu, mawaƙa uku a jere suna taku iri ɗaya. Kunnena ya ce Kwango nake ji, kuma bai yi ƙarya ba. A shekarun 1960 Tombalbaye ya tura ƙungiyar Chari Jazz can ta koyo aiki, salon ya zauna a kudancin garin har yau. Daga baya ƙungiyar Tibesti ta ɗauko wani kiɗan mutanen kudu da ake kira “sai” ta ɗora shi a kan jita. Da aka ɗauko “Les Jaloux Saboteurs”, waƙar da marigayi Maître Gazonga ya naɗa a Abijan a 1984, babu wanda ya rage a kujera sai mu biyu da wani tsoho. Gazonga ya rasu tun 2006, yawancin masu rawar ba su taɓa ganinsa ba, amma babu baitin da ya kuɓuce musu.

Ana tsakiyar haka wuta ta ɗauke, abin da ba baƙo ba ne a garin. Kafin a tayar da janareta na zaci taro zai watse ko a fara ihu. Sai wani ya jawo balafon daga bayan dandamali, wato itatuwa ne jere bisa gorunan duma ana bugawa da sanduna biyu, masu ganguna suka bi shi, jama'a suka karɓi waƙar da bakinsu. Da wuta ta dawo masu jita suka shigo daidai inda ake, ba tare da an koma farko ba.

A wannan dare na ga wata al'ada da ta fi kiɗan ba ni mamaki. Matan da ke hidima duk anko suka yi, kuma ba ma'aikatan wurin ba ne. Wata mata ce ta kama wurin haya na yini guda, ta buga katin gayyata, ta saro abin sha da abinci, tana sayarwa a kan farashin da ya ɗara na kullum. Kowa ya san ya ɗara, kuma don haka aka zo. Ribar ita ce jarinta, ko kuɗin makarantar 'ya'yanta na Janairu, ranar da wata daga cikin ƙawayen ta shirya nata kuma dole ta je ta rama. Pari-vente suke ce masa. Matan Musulmi na arewacin gari suna da nasu, azuma, wanda ake yi da shayi da abinci da mawaƙa, ana ba da gudummawa a bainar jama'a. Ajo ne irin namu da bikin da matanmu suke yi wa juna, sai dai a nan shi ne ke ciyar da makaɗa da yawa. Mai jitar nan, abokin ɗan ƙanen Alhaji, ya ce mini a watan Disamba ba ya kwana a gida ranar Asabar.

Ya kuma gaya mini abin da ya rage mini ɗoki. Ba don son al'ada kaɗai suke kaɗawa da hannu ba. Ba su da kasuwar fim irin ta Kano da za ta sayi waƙa, intanet na da tsada, kuma daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe kafofin sada zumunta a ƙasar baki ɗaya. Mawaƙin da bai hau dandamali ba ba zai ci abinci ba. Waɗanda suka yi suna a duniya, ko dai sun fita ne, irin 'yan H'Sao da Afrotronix da ke Montreal ta Kanada, ko kuma daga waje aka fara yaba musu, irin Mounira Mitchala da ta ci gasar gidan rediyon RFI a 2007. Ashe abin da nake sha'awa, rashi yana da hannu a cikinsa. Duk da haka na ga abin da rashin ya tsare musu, mu kuma samu ya raba mu da shi.

Bikin Dary, wanda aka fara a Disamban 2018, shi ne babban taron ƙarshen shekara. Kowane lardi daga cikin 23 na ƙasar yana da rumfarsa da abincinsa da 'yan rawarsa. Da mutanen Kanem suka fito da ganga da algaita na ji kamar ina ƙofar fada ranar hawan salla. Da 'yan Tupuri na Mayo-Kebbi suka shigo da rawar gurna, ƙarti riƙe da sanduna suna zagaye cikin da'ira suna waƙa da murya mai kauri, sai na san na yi nisa da gida. Taro ne na hukuma, da jawabai da manyan baƙi a kujerun gaba, kuma kowane lardi a rumfarsa yake tsayawa. Ana kallon juna a wurin, amma ban ga an cakuɗa ba.

Inda na ga an cakuɗa wani ƙaramin wasan kwaikwayo ne da wata ƙungiyar unguwa ta yi a harabar wata makaranta, kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti. Garin yana da gidajen wasa sanannu. Akwai cibiyar al'adun Faransa, akwai Al-Mouna wadda cocin Katolika ya kafa don haɗa Musulmi da Kirista, akwai gidan al'adu mai sunan Baba Moustapha, marubucin da ya rasu a 1982 yana da shekara 30, ya bar wasan “Le Commandant Chaka” a kan soja mai mulkin danniya. Wannan da na gani bai kai can ba. Benci ne na 'yan makaranta, da zannuwan gado biyu a matsayin labule, da fitila ɗaya. Amma ga mai rawani kusa da mai hular hana-salla, ga lafaya kusa da siket. Da Larabcin Chadi aka yi wasan, harshen kasuwa wanda ɗan Sara da Bagorane da Bahaushe duk suke ji a ƙasar da ke da harsuna sama da 100. Ɗan ƙanen Alhaji yana raɗa mini fassara.

Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne da albashi ya yi wa jinkiri ga hidimar biki ta taso. Ana cikin rigimarsa da mai gidan haya sai surukarsa ta shigo, ƙatuwar mace da ɗaurin ɗankwali ya kusa taɓo fitila, tana jan lafaya, ta dire ƙullin kayanta a tsakar ɗaki ta ce ta zo ke nan sai bayan sabuwar shekara. Tun kafin ta buɗe baki wurin ya kaure da dariya. Sai da ta yi magana na gane dalili. Namiji ne. An cusa tsumma a ƙirji da ƙugu, an ja gira da baƙi, an shafa jan baki, amma gashin baki yana nan ba a aske ba, kuma ba a yi nufin a ɓoye shi ba.

Jikina ya yi sanyi na ɗan lokaci. Na waiga in ga fuskokin dattawan da ke bencin gaba, na tarar su suka fi kowa dariya, har wani yana share hawaye da bakin rawani. Surukar nan ta faɗi abin da babu wanda ya isa ya faɗa a wasan. Ta zagi tsadar gero, ta tambayi inda kuɗin man fetur ɗin da ake haƙowa a Doba tun 2003 yake shiga, ta sa wani mai kakin soja ya durƙusa ya gaishe ta. Kowace magana ta faɗa sai mata su yi shewa.

Bayan an tashi na nemi a haɗa ni da shi. Magidanci ne, tela da rana, yana goge jan bakin da tsumma muna magana. Na ce, "Malam, ga mata a ƙungiyarku, me ya sa ba ɗayarsu ta fito a surukar ba?" Ya ce lokacin da suka fara babu uban da zai bar 'yarsa ta hau dandamali, dole wani ya ɗaura zani, shi aka ga ya iya. "Yanzu akwai mata, yallaɓai. Amma in mace ta faɗi abin da na faɗa yau, gobe a kasuwa za a ce halinta ne, har mijinta ya ji a bakin mutane. Ni kuwa da na cire lafaya magana ta ƙare." Wata daga cikin 'yan wasan, wadda ta fito a matar ma'aikacin, tana naɗe labule tana jinmu. Ta ce ita ba ta yarda ba. Duk sanda namiji ya fito a mace, mafaɗaciya yake fitowa ko magulmaciya, ba a taɓa ganin ya fito a uwar da ke tashi da asuba ta soya ƙosai ta biya kuɗin makaranta ba. Ta ce a bar mata su faɗi maganarsu, su ɗauki abin da zai biyo baya. Na ga gaskiya a bakin kowannensu, amma tata ta fi zauna mini, don na san yadda 'yan fim mata suke ƙarewa a wurinmu: rawar da suka taka a fim ita ake bin su da ita har gidan miji.

A hanyar komawa na riƙa tambayar kaina dalilin sanyin jikin nan. Ba yau na fara ganin irin wannan ba. Muna yara, a tashen watan azumi, yaro kan ɗaura zanin yayarsa ya cusa tsumma a riga mu bi gida-gida, iyayenmu na ba mu hatsi da kwabbai. 'Yan mata kuma su sa wa ɗayarsu babbar riga da hula a wasan Mairama da Daudu. A gidan sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida suke shigar sarki da hakimansa su kwaikwayi zaman fada, mai mulki ya ga kansa a jikin wasu. A makarantun kwana na maza, duk wasan da ke da mace ɗalibi ne yake fitowa a ita. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a ɗan daudu a fim, aka saya aka kalla a cikin gidaje. Ko kwalliyar fuska ma, samarin Bororo da ke taruwa wajen Dourbali, kudu maso gabas da Injamena, bayan damina, suna shafa jan ƙasa da kwalli su jera 'yan mata su zaɓa, kuma a wurinsu wannan shi ne cikar samartaka. Abin da ya sauya a wurina shi ne na daɗe ban zauna a cikin taro ana wasa a gabana ba. Na saba ganin komai a waya ni kaɗai, inda kowane hoto yake zuwa da hukuncinsa a rubuce a ƙasa.

Wanda ya ji labarin gidajen rawa na Turai da Amurka, inda maza masu shigar mata suke da dandalinsu da tallarsu a lokacin Kirsimeti, kada ya zo Injamena neman irinsu. Ba a tallar wannan a nan. Tun 2017 dokar laifuffuka ta ƙasar ta tanadi ɗauri ga masu neman jinsi ɗaya, kuma namijin da aka gani da shigar mata a titi, ba a dandamali ba, zargin da za a fara yi masa ke nan, ko da ba a san komai game da shi ba. Telan nan ya san iyakar sarai. A cikin jaka yake zuwa da lafayarsa, a cikin jaka yake komawa da ita.

Nan ma ban ga bambanci da gida ba. 'Yan daudu sun daɗe a garuruwanmu suna dafa abincin sayarwa a tasha da kasuwa, ana gayyatarsu biki su yi wa mata girki da raha, ana cin tuwonsu, ana dariyar habaicinsu. Ranar da aka tashi neman wanda za a ɗora wa lalacewar zamani kuma, su ake fara nunawa. Ni Musulmi ne, na san abin da malamai suka karantar a kan namiji ya kamanta kansa da mace, ba kuma na jayayya da shi. Abin da ba na yarda da shi shi ne taron da zai yi dariya da dare ya ɗauki dutse da safe. Wa'azi yana da masu yinsa, shari'a tana da alƙalanta, mutumin da ke gabanka kuma ɗan wani ne, yana da haƙƙin kada a wulaƙanta shi a titi.

Daren Kirsimeti daga kan soron Alhaji ana jiyo mawaƙan coci daga kudu, da ganguna da guɗa, har tsakar dare. Da safe matarsa ta aika wa wata tsohuwar maƙwabciyarsu da ta koma Chagoua da kwanon soyayyen nama, ta ce maƙwabciyar ma ranar layya takan zo da kanta. Daren sabuwar shekara kuwa Alhaji ya hana kowa zama a tsakar gida in sha biyu ta gabato, saboda masu harba bindiga sama don murna, al'adar da hukuma take hanawa ba a daina ba. Gari na wayewa yara suka cika layi cikin sababbin kaya, na Musulmi da na Kirista, suna bi ƙofa-ƙofa ana ba su alewa.

Kano ta fi Injamena jama'a da dukiya nesa ba kusa ba, kuma ba ta rasa masu fasaha ba. Akwai masu kalangu da kukuma da gurmi da ke zaune babu mai kira, akwai ɗaliban wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero, a Zariya kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da dandalin wasanta na ginin ƙasa tun shekarun 1970. Abin da ban sani a garinmu ba shi ne wurin da ɗan Birni da ɗan Sabon Gari za su zauna a benci ɗaya da iyalansu su kalli wasa da Hausa, harshen da dukansu suke ciniki da shi. Ina roƙon Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Kano da malaman waɗannan jami'o'i su fitar da wasa daga harabar makaranta su kawo shi unguwa, ko da a hutun salla da na ƙarshen shekara ne kaɗai. Kai kuma mai karatu, in za ka aurar da ɗa ko 'ya bana, ka rage wani abu daga kuɗin DJ ka kira makaɗi mai kaɗawa da hannunsa, ka biya shi da daraja.